Lahadin Aro a Illela

An kai ni Illela aiki ba da daɗewa ba bayan an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu. Asibitin ɗan ƙarami ne: rumfar jira, ɗakin magani, ɗakin ɗinki da ɗaurin miki, sai 'yan gadaje a baya don wanda ba ya iya komawa gida da ƙafarsa. Manyan wurin mu biyu ne, ni da wani abokin aikina mutumin kudancin Zariya, Kirista, dogon mutum mai sanyin magana wanda ya riga ni zuwa garin da shekaru. Malaman asibiti ne mu, ba mu yi karatun likita ba, amma duk garin likita ake ce mana, mu kuma ba mu taɓa gyara wa kowa ba.

A zamanin Turawa, babba ba ya jiran asibiti da yamma, ba ya zuwa Asabar bayan azahar, Lahadi kuwa ko ƙofar ba ya leƙawa. Ƙananan ma'aikata masu ɗaurin miki ake bar wa wurin, in abin ya fi ƙarfinsu su aika a nemo babba inda duk ya shiga. To, a satin da na sauka sai ga babban likitan da ke zagayo daga Sakkwato a motarsa. Ya tara mu ya ce wannan ya ƙare. Daga yau dole a samu babba guda a wurin kowace yamma har bayan lisha, haka Asabar, haka Lahadi. Ya ce mu raba a tsakaninmu yadda muka ga dama, shi dai kada ya ji an kawo mai jini an tarar da kujera babu kowa.

Yamma ba ta ba mu wahala ba, yau ni gobe shi. Da aka zo kan ranakun hutu ne abokina ya gyara zama, ya dube ni da wannan fuska tasa ta mutumin kirki.

Ya ce, "Malam, kai kana da masallaci ran Jumma'a, ni ina da coci ran Lahadi, iyalina kuma suna Sakkwato. Me zai hana in riƙe maka Jumma'a ɗungurungum, kai ka riƙe mini Lahadi?"

Kai, na ji daɗi! Jumma'a sukutum tawa, in yi wanka a tsanake, in sa manyan kaya, in tafi masallaci da wuri, in dawo in kwanta. Lahadi kuwa, a Sakkwato inda na fito, rana ce ta ƙuda da hamma a asibiti. Na miƙa masa hannu tun bai rufe baki ba, a gaban babban likita, har ina ce masa Allah ya yi albarka. A zuciyata ina cewa wannan bawan Allah bai iya ciniki ba.

Ba wanda ya gaya mini Lahadi ce kasuwar Illela.

Tun da hantsi na ji ƙasa na rawa. Shanu, raƙuma, jakai, manyan motoci daga kudu, Buzaye da Fulani da Adarawa daga ƙasar da har lokacin muke ce wa Faransi, mutanen Araba da na Tozai da kayan gona a ka. Kafin in gama mamaki an shigo mini da wanda sa ya soke a cinya. Ina cikin ɗinkinsa aka kawo ɗan kamasho da ya faɗo daga saman mota. Bayansa mahauci ya yanke yatsa, bayansa wasu dillalai biyu da suka fasa wa juna kai a kan akuyar da ba ta ɗayansu ba, kuma a kan benci guda suka zauna suna ci gaba da gardamar ina naɗa musu bandeji. Azahar da la'asar a tsaitsaye na yi su a bayan ɗakin magani. Da aka watse na duba rigata, ban gane kalarta ba.

Litinin da safe sai ga mutumina ya sauko daga mota fes da shi, har da ɗan ƙunshin tsaraba a hannu.

Na ce, "Kai! Ashe haka kake? Ka san abin da ke cikin Lahadin garin ga ka ɗora mini?"

Ya ce, "Malam, ai kai ka miƙo hannu. Har albarka ka sa mini."

Ya yi ta dariya har yana dafa bango. Jumma'ar da ta biyo na bi ta asibiti da gangan a hanyar masallaci don in ga irin tasa wahalar. Na iske shi a kujera ƙarƙashin dalbejiya, jarida a kan fuska, kaji na kiwo a rumfar jira. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na riga na yi alkawari a gaban babba, ni kuma a lokacin da in ce na kasa gara in faɗi a kan aiki. Haka na ci gaba da ɗaukar Lahadina ina ƙunƙuni, har na saba, har hannuna ya yi saurin da bai taɓa yi ba a birni.

Ni a lokacin gwauro ne. Matata ta fari ta rasu tun ina Sakkwato, ba mu samu haihuwa ba, kuma na daɗe ban ji ina son sake zama da kowa ba. 'Yan'uwa sun yi magana har sun gaji.

Wata Lahadi cikin bazara, zafi kamar ya tsaga kai, aka shigo da wani mutum mai jiki, hannunsa na dama naɗe cikin rawani jina-jina. Raƙumi ya cije shi. Wadda ta riƙo shi mace ce da ba za ta wuce ƙanwata ta biyu ba, baƙa, siririya, mayafinta ɗaure a ƙugu kamar mai shirin dambe. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta ture masu kallo ta zaunar da shi, ta juyo kaina.

Ta ce, "Kai ne likitan? To ga yayana. Na ce mashi raƙumin ga ba ya son a taɓa mashi hanci, bai ji ba. Ka gyara shi da kyau, da hannun ga yake ɗaga buhun albasa."

Na ce, "Baiwar Allah, ki fita waje ki jira."

Ta ce, "In fita wa zai riƙe shi? Waɗanga naka?" Ta nuna masu ɗaurin miki da haɓa. "Yana ganin allura zai watsar da su."

Gaskiyarta kuwa. Cizon raƙumi mugun abu ne, ba yanka yake yi ba, murƙushewa yake, kuma ba a rufe shi da ɗinki nan take sai an wanke an bar shi yana shan iska. Ina zuba aidin mutumin nan ya yi wani ruri ya miƙe, ita kuwa ta danna kafaɗarsa ta mayar da shi kan benci tana yi masa faɗa kamar ɗan da ta goya. Na yi masa allura, na ce a kawo shi wanki. Ta ce su mutanen wani ƙauye ne gaba da Ƙwanni, ƙetaren iyaka, a can akwai mai wanke masa a tsakiyar mako, amma duk Lahadi suna nan, shi da albasarsa, ita da cuku da dabino a gefen rumfarsa. Na ce to, duk Lahadi.

Tun ba su kai ƙofa ba na san na shiga uku.

Akwai wata dattijuwar ungozoma da ke aiki da mu, wadda ba abin da ke wuce ta a garin da ƙetaren iyaka. Ban tambaye ta ba, wallahi ban tambaye ta ba, ita ce tana wanke hannu ta ce da bango, "Bazawara ce. Mijin ya rasu bara waccan. Ba ta da ɗa. Bakinta dai sai mai haƙuri." Na ce wa ya tambaye ki, Inna? Ta ce ba kowa, da bango take.

Hannun ya yi kyau, ya ciko da wuri, don mutumin lafiyayye ne. Ni kuma na ga bai kamata a yi garaje ba. Ko wace Lahadi sai in kwance, in duba, in girgiza kai irin na masana, in ce a dawo mako mai zuwa. Ita tana tsaye tana kallo, hannu a ƙugu. Takan kawo ɗan dabino ta aje a kan tebur ta ce na masu ɗaurin miki ne, ban da likita, shi albashinsa ya ishe shi. Ni kuwa duk maganar da na shirya tun daren Asabar sai ta gudu, in ɓuge da tambayar yadda albasa take a kasuwa.

Ranar da abin ya ishe ta, ta bari yayan ya fita, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Likita, hannun ga ya warke tun tuni. Jiya da shi ya ɗaure jaki. Kana ɓata bandejin gwamnati."

Na ce, ai ana gudun ya dawo ne.

Ta ce, "Ba ya dawowa. In wata magana ce gare ka, ni ba a yi mini ita cikin warin aidin, mutane na nishi a bayana. Ina da yaya, ka kuwa san shi, kai ka gyara shi. Ka same shi inda ake samun mutane."

Ta fice ta bar ni da almakashi a hannu. Inda ake samun mutane. To ina ake samun yayanta? A rumfar albasa, ran Lahadi. Ni a nan na san shi, a nan kaina ya tsaya, bai ƙara gaba ba ko taku guda.

Daga nan na shiga dabarar satar jiki. Sai in ga rumfar jira ta yi sauƙi, in wanke hannu, in ce da masu ɗaurin miki yanzu zan dawo. Ban taɓa wuce shingen asibiti ba. Ina kaiwa nan za a ɓullo da wani a kan amalanke, ko mace ta taho da yaro ya haɗiye kwabo, ko a ce ga wanda kunama ta harba a cikin buhun gawayi. Sau ɗaya na kai har bakin hanya, ina hango ƙurar kara inda ake cinikin dabbobi, sai ga wani Bafulatani ya riƙe mini riga yana nuna mini ƙafar ƙanensa. Na koma. In an watse kuwa, kafin in gama da na ƙarshe ita da yayan sun ɗaure jakai sun ƙetare iyaka tun rana na sama.

Ungozoma ta sake magana da bango. Ta ce akwai wani dillalin raƙuma, mai rawani har kunne, wanda ke yini a rumfar albasar nan duk Lahadi, yana ɓare goro yana ba da labarin Agadas. Ta ce ya riga ya kai maganarsa wurin yayan. Yayan ya ce ita ke da ta cewa, ita kuma ta ce za ta faɗi wanda take so kafin a yi shuka, don in ruwa ya sauka su sun bar kasuwa ke nan sai kaka.

Na fita na dubi gabas. Sama ta fara tara 'yan gizagizai da yamma, iska ta fara juyawa. Ni ga ni a ɗaure da alkawarin da na yi da bakina, wani can mai rawani yana da Lahadi sukutum ba abin da yake yi da ita sai ɓare goro.

Ba abin da na ƙi jini kamar roƙo, balle roƙon mutumin da ya yi mini wayo. Kuma na san abin da Lahadi take a wurinsa. 'Ya'yansa ƙanana ne, sau ɗaya suke ganinsa a mako, yakan ce ƙaramar tana zama a bakin ƙofa tun azahar ɗin Asabar. Na yi kwanaki ina zagaye maganar. Ran nan da yamma, ya zo karɓar aiki daga hannuna, na rufe ido na faɗa.

Na ce, "Ɗan'uwa, Lahadi guda nake so ka ara mini. Guda tak. In biya ka da Jumma'a biyu, ko uku, yadda ka ce."

Ya ce, "Lafiya?"

Na gaya masa, ina kallon ƙasa kamar yaron da aka kama. Bai yi dariya ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya ce zai aika wa iyalinsa da direban mota kada su jira shi. Sannan ya ce, "Amma Malam, ni ina ganin da ka..."

Na ce, "Don Allah kada ka ba ni shawara. Ka ba ni Lahadi kawai. Shawararka ce ta kai ni inda nake."

Ya ɗaga hannu biyu ya ce shi ke nan, ya ba ni.

Ranar na fito kamar ango. Babbar riga fara mai aiki a wuya, hula sabuwa, takalmi ya sha mai, turare kuwa har ungozoma ta yi atishawa da na wuce. Na leƙa na ga abokina ya naɗe hannun riga, an riga an kawo masa na fari, ya ɗago ya ce in gaishe da albasa.

Ranar na fara ganin kasuwar Illela da idona. Duk zaman da na yi, abin da take aiko mini kawai na sani, ban san ita kanta ba. Ga kanwa tuli-tuli, ga gishirin Bilma, ga tabarmi, ga atamfofin Faransi, ana ciniki da sule ana amsawa da sefa, kuɗin Faransi, ba wanda ya ruɗe. Na bi warin albasa har na iske rumfar. Yayan ya taso da murna, ya nuna wa maƙwabta hannunsa, ya shimfiɗa mini buhu. Ga dillalin nan kuwa a kusurwa, rawani har kunne kamar yadda aka faɗa. Muka gaisa da shi gaisuwar da ba ta kai ciki ba. Ita tana gefe a kan 'yar kujera, faifan cuku a gabanta. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce sannu da zuwa, ta juya ga mai saye.

Na gyara murya zan fara da yayan, sai aka kira shi awo. Ya dawo, na buɗe baki, mota ta tsaya ana son buhu goma sha. Ya dawo yana share gumi, sai wani tsoho da ke wucewa ya tsaya, ya ƙura mini ido.

Ya ce, "A'a! Ba likita ba ne? Allah ya kawo ka. Duba mini haƙorin ga."

Kafin in ce wani abu ya wangame baki a gabana. Na duba don kunya. Ai kuwa shi ke nan. Wata ta miƙo jariri mai ƙurji, wani ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa a kan buhun albasa, wani ya ce matarsa ce a gida ba ta barci, mi za a ba ta? Na ce jama'a, yau ba ni da aiki, ku tafi asibiti akwai likita. Suka ce ai can layi ya yi tsawo, nan ya fi kusa. Kafin azahar an yi layi a gaban rumfar albasa har ya toshe hanya, masu sayen albasa na tambaya ko rabon wani abu ake yi. Wani yaro ya yi mini amai a hannun riga. Dillali na kusurwa yana ɓare goro, yana ba masu jira labarin Agadas.

Yayan dai mutumin kirki ne, amma na ga fuskarsa ta fara canzawa, don cinikinsa ya tsaya cak. Ni kuwa haushi kamar in fashe. Na bar abokina ya hana 'ya'yansa ganinsa, na ƙona turare, ga ni ina aikin da na gudo, ba ko aidin.

Sai da la'asar ta yi, kasuwa ta fara sanyi, dillali ya tafi karɓar la'adarsa, yayan ya tafi kamo jakai. Ta tattara faifanta, ta zo ta tsaya a inda nake zaune ina goge hannun riga da ganyen albasa.

Ta ce, "Likita, mi ya fito da kai yau?"

Na ce, "Ke kika ce in sami yayanki. Kin san wahalar da na sha kafin in samu Lahadin ga? Aro na yi. Mutum ya bar iyalinsa saboda ni."

Ta ce, "Wa ya ce maka Lahadi?"

Na ce, "To yaushe? Ran Lahadi kuke nan."

Ta aje faifan a ƙasa, ta riƙe haɓa tana kallona, irin kallon da ake yi wa wanda ya sa riga a bai-bai ya shiga taro.

Ta ce, "La ilaha illallahu. Kai kana tsammanin sauran kwanakin cikin tulu ake rufe mu, sai Lahadi a buɗe? Ba mu da gida? Lahadi ranar neman abinci ce, ni da kai duka. Wa ke zancen aure a kan buhun albasa in ba marar aikin yi ba?" Ta ɗan waiga kusurwar da dillali ya tashi. Sannan ta ce, "Ran Jumma'a mi kake yi?"

Na ce, "Masallaci."

"In an sauko?"

Na sosa ƙeya. Ta jira. Na ce, "Barci."

Ta ɗauki faifanta ta aza a ka. Ta ce, "To Allah ya ba da barci mai daɗi." Ta bi bayan jakai, kafaɗunta na rawa, na san dariya take.

Har yau ina cewa ba laifina ba ne ni kaɗai. Mutum ya ce maka inda ake samun mutane, ai sai ya ƙara bayani. Amma da na koma asibiti na ba abokina labari, ga shi jina-jina har gwiwar hannu, ido ya faɗa, sai ya zauna a kan benci ya yi dariya har da hawaye. Ya ce abin da ya so gaya mini ke nan ran nan na hana shi. Ƙauyen nasu, in ji shi, in na hau keke bayan hantsi, zan yi Jumma'a a Ƙwanni in isa kafin la'asar. Na ce to me ya sa ka ba ni Lahadin? Ya ce shekara da shekaru yana jin labarin Lahadin garin nan daga nesa, ya ga gara ya ɗanɗana sau ɗaya, kuma ya ɗanɗana, ba ya ƙari.

Satin nan bai yi mini gudu ba. Kullum da yamma ina bakin shinge ina kallon gabas kamar manomi. Ran Alhamis bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, aka yi iska, aka kece da ruwa, ruwan shuka sosai ba yayyafi ba. Duk garin murna ake, yara na tsalle a cikinsa. Ni ina tsaye a rumfar jira ina jin kamar a kaina ake zuba shi. Ta ce kafin a yi shuka. Gobe da asuba kowa zai fita da sungumi.

Na hau keke duk da haka. Ban sa babbar riga ba, tabon hannunta bai fita ba ma. Yashi ya jiƙe ya yi daɗin tafiya, ko ina ƙanshin ƙasa, gonaki cike da mutane, maza na sara mata da yara na bin su suna jefa iri suna rufewa da diddige. Duk gonar da na wuce sai in ƙara taka keke. A bakin iyaka mai tsaro ya gane ni, ya ɗaga mini hannu, ya so ya nuna mini wani abu a wuyansa na ce sai na dawo. Na yi Jumma'a a Ƙwanni, ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba, Allah ya yafe mini. Na yi tambaya aka nuna mini hanya.

Ƙauyen shiru, duk an tafi gona. Na sami gidan, na jingine keke, na yi sallama a zaure har sau uku. Can sai ga wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta kare ido da hannu tana dubana. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce ni baƙo ne daga Illela, wurin mai albasa na zo.

Ta ce, "Suna gona. Kai wane ne?"

Na ce ni ne malamin asibitin da ya yi masa aikin hannu. Na ƙara da cewa na san na makara, na ga an yi shuka, amma na ce bari dai in zo in gaishe ku.

Tsohuwar ta matso har tana taɓa gwiwata da sandarta.

Ta ce, "Au, kai ne na Jumma'a? Ɗana, ina ka shige? Tun hannun yayanta bai rufe ba ɗiyar ga ta ji an ce Jumma'a kake hutu. Tun ran nan duk Jumma'a sai ta share zauren ga, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta sa a yanka zabo ta yi tuwo da rabonka. In rana ta faɗi ta naɗe tabarmar ba ta ce da kowa komi, jikokina su cinye. Dube su in sun dawo, duk sun yi kumatu da abincinka. Zabina sun kusa ƙarewa."

Na dubi inda nake durƙushe, ashe a kan tabarmar nake, sabuwa, an share kewayenta har ana ganin sawun tsintsiya. Yau ma, da shukar da komai, sai da ta shimfiɗa kafin ta fita.

Ina nan zaune na ji muryoyi a waje. Yayan ya shigo da sungumi a kafaɗa, ya gan ni ya washe baki. Tana bayansa, ƙafa duk laka, ƙwaryar iri a hannu, tana cikin yi wa wani yaro faɗa. Ta ɗago ta gan ni. Matar nan da ta danne ƙato a kan benci, wadda ta wanke ni tas a tsakiyar kasuwa, sai maganar ta maƙale mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta raɓa bango ta shige cikin gida da sauri har tana zubar da iri.

Tsohuwar ta bi ta da kallo, ta ɗaga murya ta ce, "To, sai ki kawo mashi tun da zafi. Yau dai yara su yi haƙuri."